Kafin Ka Buɗe Shago a Kasuwar Intanet: Kurakuran da Na Gaji da Ganin Ana Maimaitawa

Ranar Asabar da ta wuce ɗan yayata ya same ni a shago, nan bayan kasuwar Terminus a Jos, waya a hannu, fuska cike da fara'a. "Kawu, oda goma sha biyu a kwana uku!" Na ce madalla, Allah ya sa albarka, to nawa ka ci a kan kowacce? Ya ɗan yi jim, ya ce za ta kai dubu ɗaya da ɗari biyar. Na ce masa "za ta kai" daban, "ta kai" daban. Na jawo bayan kwalin sabulu da biro muka zauna. Da muka gama cire abin cirewa, ribarsa a kan kowace oda ta tsaya a naira 140, kuma ko kuɗin data ba mu sa a ciki ba.

Shi ne mutum na biyar da na yi wa irin wannan lissafi a bana. Duk kuskure ɗaya suke yi, kuma shi ne wanda ni ma na yi har ya kusa tashi da jarina. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya, duk wanda ya zo in tura masa.

Na fi shekara shida ina sayar da kayan kicin a kasuwannin intanet: flas, kula, blanda, butar lantarki. Abin da zan faɗa ba daga littafi na ɗauko shi ba, yadda nake yi ne. Wani ɗan kasuwar zai iya saɓa mini a wasu wurare.

Da farko sai ka san da wa kake hulɗa. Kasuwar intanet dillali ce. Ta haɗa ka da mai saye, ta ɗauki la'adarta. Sai dai wannan dillalin ba irin na 'Yan Shanu ba ne da za ku tafa a rabu. Shi ne mai filin kasuwar, shi ne sarkin kasuwa, shi ke riƙe kuɗin ciniki, kuma idan rigima ta taso tsakaninka da mai saye, shi ne alƙali. Ya fi son mai saye ya tafi da farin ciki, domin mai saye ne zai dawo masa gobe. Kai kuwa idan ka tashi, akwai dubu a layi masu jiran rumfarka.

Hulɗarsu da masu kaya iri-iri ce. Akwai inda kamfanin ke sarar kaya daga wajenka kai tsaye ya sayar da sunansa. A nan kai mai kawo kaya ne kawai: su za su matse farashi, su ce sai ka kawo da yawa, su biya ka bayan wa'adin da aka rubuta. Wannan harka ta manyan diloli ce da masu masana'anta. Akwai kuma inda ake ba ka rumfa: ka sa hoton kayanka da farashinka, kaya naka ne har sai sun isa hannun mai saye, su kuma su cire kamasho. Yawancinmu a nan muke. Amazon, da aka kafa a Amurka a 1994, da sayar da littattafai ya fara, sai a shekarar 2000 ya buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa masu zaman kansu, ga shi yau kusan kashi 60 cikin 100 na kayan da ake saye a can nasu ne. Jumia da Konga duk a 2012 suka fara a Legas, su ma kuma sun bi wannan tsarin. A cikinsa za ka iya riƙe kayanka a shagonka, idan oda ta shigo ka naɗe ka kai wurin karɓar kayansu, ko ka zuba kayan a sitonsu su riƙa naɗewa suna aikawa, kai kana biyan kuɗin ajiya da na hidima. Jiji kuwa allon talla ne: ka sa kaya, mai so ya kira ka, sauran tsakaninku ne. Wanda bai bambance waɗannan ba zai shiga da tunanin wani tsari, dokar wani tsarin ta kama shi.

Yanzu ga babban kuskuren, wanda har yau idan na tuna sai raina ya ɓaci: sa farashi da lissafin shago.

A shago lissafi mai sauƙi ne. Ka saro dubu shida, mota ta ci ɗari uku, ka sayar dubu bakwai da ɗari takwas, ka ci dubu da ɗari biyar, kuɗi a aljihu kafin mai saye ya tsallaka titi. Da wannan kan na shiga rangwamen watan Nuwamba na 2023, wanda suke kira Black Friday, a wata babbar kasuwa da ba zan ambaci sunanta ba, don laifin nawa ne. An turo mini saƙo cewa idan na rage farashi za a ɗora kayana a gaban shafi. Ina da flas 180 da na saro a kan naira 6,000 kowanne, na mota 300. Da ma 9,000 nake sayarwa. Na mayar da shi 7,800. Na ce ai ko dubu da ɗari biyar ce sau 180, an samu na kashewa.

Waya ta dinga ƙara dare da rana. Ni da yaran shago muka kwana uku muna naɗe kaya, ga sanyin Jos na ƙarshen shekara, yatsu har ba sa jin salatef. A cikin kwana tara flas ya ƙare ƙaf. Na koma gida na ce wa maiɗakina bana kam mun dace.

Da takardar biya ta fito sai na ga abin da ban lissafa ba. Kamasho kashi 15 cikin 100, kuma a kan farashin sayarwa ake cire shi, ba a kan riba ba: naira 1,170. Harajin VAT na kashi 7.5 a kan kamashon: 88. Gudummawar kuɗin aikawa: 400. Sannan abin da na kashe da hannuna ban rubuta ba, kwali da salatef da ledar nan mai iska da ake naɗe abin fashewa, 250, Keke zuwa wurin karɓar kaya, 100. Jimla 2,008. Wato kowane flas da ya fita daga shagona sai da na bi shi da kusan naira 500 daga aljihuna. Ina ta murna da yawan oda, ashe yawan odar shi ne yawan faɗuwar.

Bai tsaya nan ba. Guda 23 suka dawo. Wasu masu sayen sun zaɓi biya idan kaya sun iso, da aka kai musu ba su ɗauki waya ba. Wasu sun ce launin bai yi musu ba. A cikin 23 ɗin, tara kwalbar ciki ta fashe, kana girgizawa kana jin ƙaras-ƙaras. Flas ya je Fatakwal ya dawo Jos a bayan mota, an jefa shi sama an jefo shi ƙasa, me kake tsammani?

Sai na ƙarshe, wanda ya fi duka ciwo. Kuɗin ba a ranar ciniki ake ba ka ba. Sai kaya sun isa, wa'adin mayarwa ya wuce, ranar biyansu ta zagayo. Kafin kuɗina su gama shigowa an shiga sabuwar shekara. Kowa ya san halin da naira ta shiga a lokacin: kafin Yunin 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Na kira wanda nake sara a wajensa, ya ce, "Alhaji, wancan farashin ya wuce, yanzu 9,500 ne, kuma gobe ban sani ba." Kuɗin da ke hannuna suka sayi guda 101. Haɗe da 14 masu lafiya da suka dawo, flas 180 ya koma 115. Ba ɓarawo ya shiga shagona ba, ba gobara aka yi ba. Ni na zauna da hannuna na rubuta 7,800.

Tun daga nan ga yadda nake yi. Ba na sa wa kaya farashi sai na buɗe shafin da kamfanin ya jera kamashon kowane rukuni, domin ba ɗaya ba ne: na waya daban, na kayan sawa daban, na kayan kicin daban, kuma suna canzawa. Ko a Amazon yawancin rukunai tsakanin kashi 8 ne zuwa 15. Ina lissafi daga sama zuwa ƙasa, wato in fara da farashin da mai saye zai biya in yi ta cirewa har in ga abin da zai faɗo asusuna. Ina ɗauka cewa a cikin kowane goma ɗaya zai dawo, in raba asararsa a kan sauran tara. Kuma ba na lissafi da farashin da na saro jiya, da wanda zan saro gobe nake yi. Idan abin da ya rage bai kai yadda nake so ba, kayan ba na intanet ba ne, su zauna a kanta su jira mai shigowa da ƙafa. Rangwame kuwa ina shiga, amma da kayan da suka kwana biyu ina neman kai da su, ko guda ashirin kacal don sunan shago ya fito. Duk wanda ya kira ni ya ce in rage kashi kaza, amsata ɗaya ce: bari in duba littafi.

Wani zai ce ai manyan shaguna suna sayarwa ƙasa da haka. Suna yi, domin su kwantena suke saukewa, wasu ma su ne wakilan masana'antar. Kai da ka saro katan biyar a hannu na uku, idan ka ce za ka yi tseren araha da su, garin neman gira za ka rasa ido. Nemi abin da ba su damu da shi ba.

Kuskure na biyu da ya ƙona ni shi ne sa kayan da ba nawa ba.

Wannan al'adarmu ce ta kasuwa, kuma a kasuwa tana aiki. Mai saye ya tambayi abin da ba ka da shi, ka ce zauna ina zuwa, ka zaga wajen maƙwabci ka karɓo, ka ɗora ɗari biyu. Na ɗauka haka za ta yi a intanet. Maƙwabcina yana da blanda katan-katan, na ɗauki hoto na rubuta cewa ina da ashirin. Wata biyu abin yana tafiya, oda ɗaya yau, biyu jibi, in karɓo in naɗe. Ana saura sati uku azumi, lokacin da kowace uwargida ke neman abin markaɗe, oda goma sha huɗu suka shigo tsakanin Juma'a da Lahadi. Litinin da sassafe na je wajensa. Ya ce, "Wallahi maƙwabci ka makara, jiya wani ya zo daga Bauchi ya kwashe, uku suka rage." Na zaga Ahmadu Bello Way, na shiga Kwararafa, na kira Kano. Irin wannan samfurin babu, wanda ake da shi kuma ya fi farashin da na sa.

Na soke oda goma sha ɗaya. A wajenmu soke ciniki magana ce ta "yi haƙuri". A wajensu laifi ne mai tara. Aka ci ni tara a kan kowacce, makin shagona ya faɗo, kayana da ke fitowa a shafin farko suka koma can inda ba mai zuwa, daga baya aka dakatar da shagon gaba ɗaya. Na yi ta aika saƙo ina bayani. Wa zai saurari labarin mutumin Bauchi? Kwamfuta ce ke ƙirga sau nawa ka cika alkawari, sau nawa ka saɓa, sau nawa ka makara, kuma da wannan ƙirgen take yanke wanda za ta nuna wa masu saye. Azumi ya zo ya wuce, kasuwar Sallah ta ci ta watse, shagona a rufe. Da aka buɗe kuma sai da na yi wata huɗu kafin oda ta dawo yadda take. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Yanzu abin da hannuna bai taɓa ba, ba ya hawa shafina. Idan ina da goma, takwas nake rubutawa, domin a shago ma ana saye, kuma akwai wanda za ka buɗe ka tarar da lahani. Kowane dare kafin in rufe sai na daidaita adadin da ke manhaja da wanda ke kan kanta. Idan zan yi tafiya, ko gari ya ɗan rikice an sa dokar hana fita, abu na farko da nake yi shi ne in sa shagon a hutu. Akwai wurin yin hakan a manhajar, amma sai ka ga mutum ya tafi biki Lafiya kwana huɗu ya bar shago a buɗe, oda tana shigowa agogo yana ƙirgawa.

A nan zan ɗan yi faɗa, kuma da matasanmu nake. Kuna buɗe shago ba ku karanta ko layi ɗaya na yarjejeniyar ba. Ku danna "na yarda" kamar kuna sauke wasan waya, alhali takarda ce da ta ba wani ikon riƙe kuɗinku, ya ci ku tara, ya rufe ku. Idan Turancin ya yi nauyi, ba abin kunya ba ne ka kai wa wanda ya iya ya fassara maka, ka saya masa lemo. Mahaifinka da zai kama hayar rumfa sai ya tambayi kuɗin shara, na gadi, na ƙungiya, da wanda ake kai wa ƙara. Kai kuma ka zuba jarin da mahaifiyarka ta sayar da akuyoyinta ta ba ka, a wurin da ba ka san ranar biyansu ba. Na tambayi wani yaro yaushe ake biyansa, ya ce "idan sun ga dama". Ba idan sun ga dama ba ne, a rubuce yake, kai ne ba ka duba ba. Kuma ku daina ɗaukar shawara daga masu bidiyon nan da ke nuna muku hoton alat suna cewa ku biya kuɗin aji. Alat ciniki yake nunawa, ba ya nuna riba. Ni ma a Nuwamban nan da na ba ku labari ina da alat mai kyan gani.

Sai maganar saro kaya daga Sin, wadda ta zama ruwan dare. Alibaba, da Jack Ma ya kafa a 1999, kasuwar sari ce, kowane mai kaya yana da mafi ƙarancin adadin da zai sayar maka. AliExpress na ɗai-ɗai ne. Shafin 1688 kuwa don 'yan cikin ƙasar aka yi shi, da harshensu yake, shi ya sa ake bi ta hannun wakili ya biya da kuɗinsu ya haɗa maka kaya. Kuskuren da ake yi shi ne cinikin biri a sama: mutum ya ga hoto ya yi odar ɗari biyar. Ka fara sayen samfuri biyu ko uku, ka riƙe a hannu, ka yi amfani da shi sati guda a gidanka. Wata baiwar Allah a unguwarmu ta yi odar butar lantarki, da suka iso duk kan filoginsu mai ƙafa biyu ne siriri, ba ya zama a soket ɗinmu mai ƙafa uku, sai da ta saya wa kowacce adafta. Da ma an yi sa'a ƙarfin wutar da suke ci ya zo ɗaya da namu. Da irin na kasuwar Amurka aka turo mata masu cin wuta 110, ana jonawa za su ƙone. Ka kuma tambayi kuɗin dako kafin ka biya kuɗin kaya: jirgin sama da kilo yake caji, na ruwa da girman kwali, ga kwastan, ga motar Legas zuwa Jos. Kada ka yarda mai kaya ya janye ka daga manhajar ya ce ka tura kuɗi kai tsaye zai rage maka. Kariyar da kake da ita tana cikin manhajar, kana fita ka fita daga inuwarta. Kuma tun da Temu, wani shafin sayayya na Sin, ya shigo Najeriya a ƙarshen 2024, ƙananan tarkacen nan marasa nauyi, mai saye yana iya yin odarsu da kansa daga can. Kafin ka saro irinsu ka duba nawa shi yake ganinsu a wayarsa.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada ka ɗauko hoton kamfani mai sheƙi alhali naka bai kai haka ba, shi ke jawo a dawo da kaya. Ka shimfiɗa farin yadi a bakin ƙofa da hantsi ka ɗauka da wayarka. Ka rubuta girma da lamba, lita nawa, inci nawa, "babba" ba awo ba ne. Ka naɗe kaya kamar za a jefo su daga saman tirela. Jabu kada ka kusance shi, ko an ce kowa na yi. Ranar da mai tambarin ya kai ƙara, shagon da kuɗin da ke ciki duk za a riƙe. Hajiyoyi masu man shafawa, sabulu da kayan ci na gwangwani ko leda, lambar NAFDAC ba ado ba ce, za a tambaya. Ka yi rajistar sunan kasuwancinka a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, asusun banki kuma ya zama da sunan da ka yi rajistar shagon da shi, ba na ƙaninka ba. Kada ka sa 'yan uwa su yi odar ƙarya don su ba ka taurari biyar, ana ganewa. Idan mai saye ya rubuta baƙar magana, kada ka rama, ka gyara abin da ya faɗa idan gaskiya ne.

Akwai guda biyu da zan ɗan ƙara wa nauyi. Lambar sirrin shagonka, da lambar nan da ake turowa ta waya, ba a ba kowa, ko wanda ya kira ya ce daga ofishin kamfanin yake. Wanda ya shiga shagonka abu ɗaya zai yi: ya canza lambar asusun da ake biya, kai kana ta aika kaya wani yana karɓar kuɗi. Idan yaron shago ne ke kula maka da oda, ka buɗe masa nasa mashigin mai iyaka idan manhajar ta ba da dama, ranar da ya bar aiki kuma ka canza komai. Na biyu, saka lambar wayarka a cikin kwali don mai saye ya dawo ta bayan fage. Na san kwaɗayin, kamasho yana da ciwo. Amma yawancinsu sun hana, kuma kai ka sa hannu ka yarda. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan kana son kwastomominka na kanka, ka gina su a WhatsApp da Facebook da Instagram da guminka, wannan ba mai hana ka.

Wannan ma ya kawo ni ga wata ɗabi'a tawa da wasu abokaina ba su yarda da ita ba. Ba na barin fiye da kashi ɗaya cikin uku na jarina ya kwana a hannun kasuwa ɗaya, ko kaya ne a sitonsu ko kuɗin da ban karɓa ba. Suna cewa ina takure kaina, wanda ya zuba duka ya fi saurin girma. Wataƙila. Amma su kamfanonin nan suna canza shawara a ofis ba tare da sun tambaye ka ba. A ƙarshen 2023 Jumia ya rufe sashensa na kai abinci saboda lissafinsa na kasuwanci, kuma haƙƙinsa ne. Mai gidan abincin da ya dogara da wannan hanya kaɗai fa? Mu a Jos ba sai an ba mu labarin haɗa dukiya wuri ɗaya ba. Waɗanda suka ga gobarar babbar kasuwar Terminus a 2002 suna nan da ransu, wasu har yau a bakin titi suke kasa kaya.

Haka nan sitonsu. Yana da amfani ga kayan da ke gudu: ana kai wa mai saye da wuri, kai kuma ka huta da naɗi da zirga-zirga, musamman mu da ke nesa da Legas. Amma kayan da ba sa motsi, kuɗin ajiya zai yi ta cinsu suna kwance, kuma dawo da su ma da kuɗi. Ni sai abu ya yi wata uku yana fita daga shagona ba tsayawa kafin in kai shi can, kuma na wata ɗaya nake kaiwa.

Abu na ƙarshe shi ne shaida. Kowane kaya mai tsada, ina ɗora waya a kan kanta in ɗauki bidiyo: ga shi yana aiki, ga lambarsa, ga shi na sa a kwali, ga takardar oda na manna. A wurin karɓar kaya ba na tafiya sai an ba ni shaidar karɓa, in ɗauki hotonta nan take. Kaya idan sun dawo, a gabansu nake buɗewa, domin wa'adin kai ƙorafi gajere ne. An taɓa dawo mini da kwalin blanda da tsohuwar blanda a ciki, har da busasshen tattasai a gindin kofin. Bidiyon nan ne ya sa aka biya ni. Kuma kowace Alhamis bayan Isha'i nakan zauna da littafina da takardar biyan da suka turo, in bi oda ɗaya bayan ɗaya. Sau biyu ina tarar da kayan da aka rubuta an dawo da su alhali ba su iso hannuna ba.

Ɗan yayar tawa ya dawo jiya da littafi sabo mai bangon ja, ya ja layi biyar a kowane shafi kamar yadda na nuna masa. Ya cire kaya uku daga shafinsa, ya ƙara wa biyu farashi. Ya ce, "Kawu, oda ta ragu, huɗu kawai na samu a satin nan." Na ce nawa ka ci a kan kowacce? Bai duba sama ba, ya buɗe littafin ya ce 1,150.